Shekarar da Aka Hana Taɓa Baraka

Da sunan Allah zan fara wannan babin, amma da ɓacin rai zan rubuta shi, gara ku sani tun yanzu. Ranar babbar salla da ta wuce ina bayan rumfa ina wanke kayan cikin rago, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana ba matarsa labari. Wai Inna ce ta tura Baraka cikin gaɗa alhali tana da ciwon jini, ta faɗi aka kwashe ta sai asibiti. Wai kuma Inna ce ta kori Gwaggo Tsahara daga gida. Matar tana ta “ash, ash” kamar a gabanta aka yi. Shi kuwa mai ba da labarin, a shekarar da yake magana a kai, ko wando bai iya ɗaura wa kansa ba. Ban tanka ba, don ranar salla ce, kuma akwai wuƙa a hannuna. Ita Barakar ba za ta gyara muku ba, kun san halinta. Tana can Illela da kekenta na ɗinki da 'ya'yanta, ciwon yana nan tana zuwa awo, in an tayar da zancen sai ta yi dariya ta tambayi farashin yadi. To ni ban iya wannan dariyar ba, don haka ku zauna ku ji daga bakin wadda ta tsaya a wurin.

A lokacin muna Malbaza, a gidan haya bayan tasha. Babanku yana lodin siminti a kamfani, ya fita baƙi ya dawo fari fat har gashin ido. Ni kuma ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfanin tare da wasu mata, muna ciyar da direbobin manyan motoci. Baraka ita ce ta uku a cikinku, tana aji uku na lakwal, wato makarantar boko, kuma duk cikinku babu mai ƙiriniyarta. In ka aike ta gishiri sai ta biya ta hau katanga, ta tsokani akuyar maƙwabta, ta dawo da gishirin da labarin rabin gari. Gaɗa kuwa, ita ce zabiyar unguwa. Na san jikokina ba su san gaɗa ba, waya suka sani, to bari in faɗa. 'Yan mata ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka rawa, ta juya musu baya, ta saki jiki ta faɗo kansu ba tare da ta waiwaya ba. Su cafe ta, su cilla ta gaba, ta dira da ƙafafu, wata ta shiga. Baraka da ido a rufe take faɗawa, tana dariya.

Abin ya fara da shati. In zo yi mata wanka in ga baƙin tabo a cinya ko a haƙarƙari, kamar an make ta da muciya, in tambaye ta ta ce ba ta san lokacin da ta samu ba. Sai ɗige-ɗige ja a ƙafafu da cikin baki. Sai haɓo, wanda in ya ɓalle mu jiƙa tsumma bayan tsumma bai tsaya ba. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya kira ni ya yi mini doguwar nasiha a kan dukan yara, ina tsaye kamar ɓarauniya. Maƙwabta suka ce mayu ne ke lasar ta, aka yi hayaƙi har ɗaki ya koma madafa. Ranar da haɓon ya wuni yana zuba, babanku ya nemi izini a wurin aiki muka kai ta asibiti a Ƙonni. Aka ɗebi jini, aka tura mu gaba, aka sake ɗiba, muka dawo. Lokotoron da ta riƙe mu, wato likitar, wata doguwar mace mai tabarau da ba ta da yawan dariya, ita ta fahimtar da ni. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, plaket ake ce musu, su ne ke toshe hanya in jini ya sami wurin fita. Na Baraka jikinta ne da kansa yake cinye su, sun yi kaɗan. Ba maita ba ce, ba a ɗauka, ba kuma laifin kowa ba ne, kuma a yawancin yara yakan tafi da kansa. Aka ba ta magani, fuska ta kumbura ta yi tulu, ga ci ba ƙoshi, ga saurin fushi. Plaket su hau in tana sha, su sauko in an rage. Da shekara ta zagayo lokotoro ta ce mu shirya zama da shi, na Baraka ba mai tafiya da wuri ba ne.

Nan ne Gwaggo Tsahara ta shigo labarin. Yayar babanku ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa in ta yi tari a Tajaye shi yake jin ciwon ƙirji a Malbaza. Ta zo dubiya da ɗan ƙullin kaya da jakar gero, ta ce kwana biyu za ta yi, ta kusa shekara. Kada kuma wani ya ce na ɓata ta bayan ranta. Mace ce da ke son Baraka har cikin ƙashi. Ɗiyarta guda a duniya jini ne ya tafi da ita wajen haihuwa, a kan amalanken jaki, kafin a kai bakin kwalta. Tun daga ranar in ta ga jan abu a tsumma sai hankalinta ya tashi. Na san wannan, na kuma tausaya mata. Amma tausayin bai hana ta kai ni wuya ba.

“Ɗiyar ga ba ta koma lakwal,” in ji ta, tun ba ta kwance ƙullinta ba.

“Yaya, lokotoro ta ce ta tahi.”

“Lokotoro ta haihe ta? In wani ɗan banza ya ture ta, lokotoro na zuwa kwasar jinin?”

Na dubi babanku. Shi kuma ya dubi kwanon tuwonsa kamar yau ya fara ganin tuwo.

“Yaya ta hi mu sani,” in ji shi.

Daga nan doka ta shiga haihuwar doka. Ba zuwa famfo, ba daka, ba shara don kada tsintsiya ta soke ta. Aka hana ta rake saboda dasashi, aka hana ta asuwaki, kifi kuwa sai Gwaggo ta bi shi da yatsa ta tsince ƙaya ta ba ta a baki. Kitso ma aka hana, wai jan gashi yana tsatso jini, aka bar kan yarinya a cukurkuɗe cikin ɗankwali. Aka jawo katifa ƙarƙashin rumfa aka ɗora ta, Gwaggo ta kafa kujera a gefe da carbinta. In Baraka ta miƙe, “ina zuwa?” In ta ce bayan gida, a bi ta da buta. Ni na fita sana'a tun safe sai la'asar, wa zai karya doka? Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gwaggo ta yafa mayafi ta bi unguwa gida-gida, ta gaya wa kowace uwa cewa jikin Baraka ba ya son taɓi, duk ɗiyar da ta taɓa ta jini ya zuba, to alhakin rai yana wuyan uwarta. Wace uwa ce za ta ji haka ta zauna lafiya? Kowace yarinya a unguwar aka ja mata kunne, wasu har da bulala, tun ba su yi laifin ba.

Sai aka shiga yi mata sannu. Wayyo, sannun nan! Mai nono sannu, mai tallan goro sannu, matan da suka shigo ɗibar wuta sannu, da karkatar da kai da 'yar ƙaramar murya irin ta gidan makoki. Ba mai aikenta, ba mai yi mata tsawa. Tsohon maƙwabcinmu mai facin taya, wanda kullum yake tsokanarta cewa ita zai aura in awakinsa sun haihu, shi ma ya koma sannu. Ƙawarta Nana, wadda a da kwano ɗaya suke ci, sai ta tsaya a bakin zaure da hannuwa a baya, ta ba ta labarin lakwal daga nesa, ta juya. Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru, ta koma tana wuni ba ta ce uffan ba. An rage magani, cin ya tafi, tuwo ta tsakura ta ture. Wata rana na dawo a gajiye na zauna gefenta ina cire takalmi, ban san lokacin da bakina ya ce sannu ba.

“Inna, har ke?” ta ce.

“Har ni mi?”

“Kowa sannu, kowa sannu. Ni ba inda ke mini ciwo. Ki yi mini hwaɗa mana ko sau guda.”

Na yi dariya a gabanta. Na shiga madafa na hura ɗanyen icce, don in sami abin da zan ɗora wa laifin hawayena.

Ranar da na yanke shawara wata Juma'a ce, na tashi sana'a da wuri. Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa, ta bar umarni kada yarinya ta motsa. Na shigo ban ga kowa a rumfa ba, katifar ma babu. Can bayan katanga 'yan mata suna gaɗa, ana jin tafinsu. Na leƙa ɗaki. Baraka ta ja katifar ciki, ta tara mata filo da zannuwana, ta juya mata baya. Tana tafi a hankali, irin tafin da ba ya ƙara, tana bin waƙar da leɓe. In waƙar waje ta kai wurin faɗawa sai ta saki jiki ta faɗa kan tsummokaran, ta tashi da kanta, ta gyara su, ta jira zagaye na gaba. Ban shiga ba. Na koma zaure na tsaya raina yana tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba.

Da ranar awo ta zo na ce ni kaɗai zan kai ta Ƙonni. Gwaggo ta so ta bi, na ce mota ta cika, Allah ya gafarta mini, motar ba ta cika ba. Aka ɗebi jini, lokotoro ta duba ta ce plaket suna nan ƙasa, amma ba su kai inda suke ba ta tsoro ba. Sannan ta cire tabarau ta dubi yarinyar da kyau.

“Baraka, ina lakwal?”

Baraka ta kau da kai.

“Mi kike yi tun sahe har marece?”

“Zama.”

“In an ce ki zaɓi abu guda da za ki yi, mi za ki zaɓa?”

“Gaɗa.”

Sai na zazzage mata komai, tun daga ƙayar kifi har bin gida-gida. Ta riƙe haɓa tana kallona.

“Madan, ni ban ba ku wagga doka ba. Cewa na yi a kiyaye kanta daga bugu, kada a ba ta aspirin da danginsa, kada wanzami ya kusance ta da aska. In haɓo ya ƙi tsayawa, ko ta bugu a kai, ko ta yi ciwon kai da amai, ku taho da gudu. Sauran duk ku kunka ƙara.”

“To gaɗa hwa?”

Lokotoro ta mai da tabarau a ido.

“Ba ni ce miki babu haɗari. Bisa rairayi, da hannuwa da yawa, a tare ta a aje, ban da cillawa sama. Za ta yi shati, wanga ba shi ne damuwata ba. Buguwar kai ita ce abin tsoro. Ke ce uwa, ke za ki auna. Amma yarinyar da na gani bara da wagga ba ɗaya ba ne, kuma ba plaket sunka yi wanga aiki ba.”

Na dawo gida da zafina. Washegari na kai ta gidan kitso na ce a yi mata manya marasa ja. Na wanke rigar lakwal, na kai ta har gaban mushe na maimaita masa maganar lokotoro kalma-kalma. Da marece na miƙa mata kwano na ce ta karɓo mini daddawa, kuma ta yi sauri ko ta gamu da ni. Da kun ga fuskarta! Ta karɓi kwanon da hannu biyu. Gwaggo ta yi ta salati tana tafa hannu, ta ce na gaji da jinya ne nake so a huta. Wannan maganar har yau ban manta da ita ba. Babanku ya ce in bi a hankali, na ce masa a hankalin ne ya kawo mu inda muke. Saura gaɗa. Na yafa nawa mayafin na bi duk gidajen da Gwaggo ta bi, na zauna na yi bayani, har plaket na koya wa mata. Kowace ta saurare ni da kyau, ta kawo mini ruwa, ta ce Allah shi ba ta lafiya, ba komi, ai ɗiyarsu ce. Ashe ina juya baya kowace take kiran tata ɗiyar ta sake ja mata kunne. Da mace ɗaya ta dube ni ta ce a'a, wallahi da abin da ya faru bai faru ba. Amma ina! An fi son a raka ka bakin ƙofa da fara'a.

Aka yi suna a gidan mai facin nan. Bayan la'asar 'yan mata suka kafa gaɗa a filin rairayi da ke ƙofar gida. Ina ciki wajen tukwane, don ni aka ba girki. Baraka ta zo da sabon kitsonta ta tsaya a kaina.

“Inna, in shiga?”

“Shiga. Ki ce musu ban da cillawa.”

Na sauke tukunya na bi bayanta da ludayi a hannu don in gani da idona, saboda haka kada wani ya sake ba ni labarin yadda aka yi. Ta shiga tsakiya ta gaya musu, suka ci gaba da tafi, don ba wanda ya hana su tafi. Ta ɗauki waƙar da muryar nan tata da na daɗe ban ji ba, suka amsa. Ta taka, ta taka, ta juya musu baya, ta rufe ido, ta saki jiki. Yaran nan, ina kallo, gaba ɗaya suka ja da baya suka mai da hannuwa bayansu. Nana ta miƙo hannu rabi, uwarta ta ƙwala mata kira daga cikin taro, ta janye. Baraka ta tafi gaba ɗayanta ta bugi ƙasa da baya da ƙeya.

Ban san inda na jefa ludayin ba. Wani direba da ke cin tuwona ya sa mu a mota sai Ƙonni, kanta a cinyata, ina tambayarta sunanta da sunan ubanta a kowace kwana don in tabbata tana tare da ni. Aka kwantar da mu ana sa mata ido. Allah ya tsare, rairayi ya taimaka, jini bai shiga kai ba. Amma bayanta ya yi baƙi ƙirin tun daga kafaɗa har ƙugu. Ba ta yi kuka ba, ko a mota ko a kan gado. Fuska ta juya bango, in na yi magana ta ce uhm. Da aka sallame mu muka tarar da Gwaggo a tsakar gida idanu a kumbure, an ce tun tafiyarmu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa.

“Kin gani?” ta ce. “Kin ga abin da nike gudu?”

“Na gani, Yaya. Na ga ɗiya ta hwaɗi a tsakiyar hannuwa ba wanda ya tare ta. Wa ya ɗaure hannuwan?”

“Au, ni kike tuhuma?”

“Tun tana 'yar mitsitsiya take gaɗa, ba ta taɓa kai ƙasa ba sai da anka ce kada a taɓa ta.”

Ta juya ta dubi babanku, tana jiran ya ce Yaya ta fi mu sani. Ya tsaya da hula a hannu, ya dubi yayarsa, ya dubi ɗiyarsa da ke tafiya a sunkuye saboda baya, bai ce komai ba. Shirun nan ne ya kore ta, ba ni ba. Da safe ta ɗaure ƙullinta. Na durƙusa na ba ta haƙuri a kan zafin bakina, amma ban janye maganar ba, kuma ba zan janye ba. Ta miƙa hannu za ta shafa kan Baraka, ta fasa, ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta sake taka gidana ba, duk abin da na aika Tajaye ta karɓa ta yi godiya ta rabar. Babanku kuwa damina guda ya yi yana yi mini magana ta bakinku, “ku ce wa innarku kaza.” Unguwa ta ɗora mini laifi, su waɗanda suka ɗaure hannuwan 'ya'yansu su ne a gaba wajen jajen da ke ƙarewa da “ai da an bi maganar manya.” Na shanye duka, don akwai abin da ya fi su damuna.

Gwaggo ta tafi, dokoki sun tafi, amma Baraka da ƙafarta ta koma kan katifar. Baya ya warke, na wanke rigar lakwal ta ce ba ta zuwa. Na miƙa kwanon aike ta ce a ba wani. In ta ji tafi a waje sai ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Wannan ya fi tsorata ni fiye da haɓo, don haɓo na san inda zan kai shi. Wata rana ina kwasar tuwo ina ƙorafi, sai wata daga cikin abokan sana'ata, wadda muke kira Ta-Bazaga don can ne garinsu, mace mai damtse kamar turmi, ta ajiye mara ta riƙe ƙugu.

“Yo in ɗiyan sun ƙi, mu hannuwanmu sun mutu?”

“Haba, Ta-Bazaga, da girmanmu?”

“Girman mi? Wa ya ga girmanmu nan cikin hayaƙi?”

Na jira har aka sake awo lokotoro ta ce babu sabon abu. Na sa mai amalanke ya zubo mini rairayin ƙorama a tsakar gida, na tankaɗe shi kamar garin tuwo. Da la'asar, bayan mun tashi, matan suka shigo da warin miya a jikinsu, muka jera kafaɗa da kafaɗa. Kai, abin kunya! Murya ta tsufa, kowa ya manta waƙa, wannan ta ce haka ake faɗa a garinsu, waccan ta ce ƙarya ne, tafi ya ƙi haɗuwa. Matan unguwa suka yi layi a kan katanga suna kallo suna ƙyalƙyala dariya, har da uwar Nana. Ban kalle su ba, don in na kalla za a yi abin da ba a shirya ba. Baraka ta leƙo daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Muka yi ta zagaye ba ta motsa ba. Sai Ta-Bazaga ta ce bari ta nuna, kafin mu ce a'a ta juya baya ta sako mana jikinta gaba ɗaya. Mun tare ta, amma sai da muka ga taurari, ɗaya ta zauna daɓas, ni kuwa ƙuguna har yau yana tuna mini. Can na ji dariya daga bakin ƙofa.

Ta shigo tsakiya a hankali. Ta taka kaɗan, ta juya mana baya, ta waiwayo. Waƙa ta kai wurin faɗawa, ta wuce, tana tsaye. Muka sake ɗauka, ta sake waiwayowa tana ƙirga hannuwanmu da ido. Waƙar ta sake wucewa. Matan kan katanga suka daina dariya. Sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

“Inna, in na saki jiki, ke ma janyewa za ki yi?”

Na matsa har gwiwata ta taɓa bayan ƙafarta.

“Kin ji ni?”

“Na ji.”

“To nan nike.”

Muka ɗauki waƙar. Wannan karon da ido a buɗe ta faɗo. Muka cafe ta, kuma don tsoro kowace ta damƙe inda ta kama da ƙarfin da take tuƙa tuwo. Na ji zuciyarta tana bugawa a hannuna. Muka tsayar da ita a kan ƙafafunta, ta ja numfashi, ta ce, “Kuma.” Ba mu tsaya ba sai da aka kira magariba.

Da safe na zo yi mata wanka na ga aikinmu. Damtsenta biyu da kafaɗu duk shatin yatsu ne, baƙi-baƙi, a jere. Na duba bakinta da hancinta babu jini, na tambaye ta kai ta ce lafiya lau. Ta ɗauko rigar lakwal da kanta ta sa, mai gajeren hannu. Na jawo dogon hijabi zan yafa mata, ta ture tana duba hannunta.

“Wanga na Ta-Bazaga ne, dubi girmanshi. Wanga naki ne.”

“Tsaya in ruhe miki, kin san bakin mutane.”

“Bari su gani,” ta ce. “Su san an taɓa ni kuma ban mutu ba.”

Ta rataya jakarta ta fita. Na bi ta zuwa zaure na leƙa. Ba ta bi gajeriyar hanyar lakwal ba, ta ɗauki doguwar, wadda ke ratsa ƙofar kowane gida a unguwar.